Ku Daina Koya Wa Mai Jin Yunwa Cefane

Ranar Asabar da hantsi na shiga gidan maƙwabciyata in karɓo turmina da ta ara, sai na iske ƙanin mijinta ya zo daga Abuja. Yana zaune kan kujerar roba a tsakar gida, makullin mota a hannu, ita kuwa tana kan tabarma da faranti a cinya tana tsintar shinkafa. Darasin cefane yake ba ta. "Anti, wallahi rabin tsadar nan da kuke kuka da ita rashin dabara ne. Ki riƙa jiran lokacin da manyan kantuna suke yin garaɓasa. Taliya ki ɗauki katan, mai ki ɗauki jarka, kaji ki saya da yawa ki zuba a firiza. Mu haka muke yi a gidana, kuma ana ganin sauƙi." Ba ta ɗago kai ba. Cewa kawai ta yi, "To, Allah ya ba mu iko."

Na ɗauki turmina na fita ban ce uffan ba, don gidan mutane ne. Amma maganar ta tokare mini ƙirji tun daga ranar, kuma a nan zan amayar da ita.

Na san gidan nan ciki da bai. Maigidan ɗan adaidaita sahu ne, keken kuma ba nasa ba ne. Kullum sai ya cire kuɗin mai, ya cire balas ɗin mai keke, abin da ya saura shi ne abincin mutum takwas. Abin da ya bari da safe shi za a ci da rana, abin da ya shigo da shi bayan magariba shi za a ci da dare. Babu firiza a gidan, kuma ko da akwai, a layinmu wutar lantarki baƙuwa ce, ta leƙo ta koma. Shinkafar da ke kan farantin nan afafata ce, wadda a da masu injin casa ke warewa gefe a sayar wa masu kiwon kifi, yunwar 2024 ta mayar da ita abincin mutane. Matar nan takan raba kashin tumatir ɗaya ya yi miyar kwana biyu. Ta san mai awon da kwanonsa ya fi zurfi a duk unguwar, ta san sa'ar da mai kayan miya ke gajiya ya karya farashi. Ita ce wani ya zauna a kan kujera yana gaya wa ba ta da dabara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lissafin nasa daidai ne. Wanda ya sayi katan ya fi wanda ya sayi ƙwaya ɗaya samun sauƙi, kowa ya san wannan, har yaron da ake aika shago. Sai dai arha tana da ƙofa, kuma makullin ƙofar kuɗi ne a dunƙule. Kafin ka ci arhar buhu sai kana da kuɗin buhu a hannu yau, da kuɗin motar da za ta kawo shi, da ɗakin da za ka ajiye shi ɓera bai ci ba, damshi bai taɓa ba. Kafin ka ci arhar kaji goma sai kana da firiza da wutar da za ta riƙe ta. Masu samun wuta ta sa'o'i da yawa su ne 'yan rukunin A, kuma su ma a watan Afrilun 2024 an ɗaga musu kuɗin kowane ma'auni daga naira 66 zuwa 225. Duk wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa, ai dama ba shi ne yunwa ke bi da gudu ba.

Mu bi sawun buhu ɗaya mu gani. A nan Kano buhun hatsi kwano 40 ne. Wanda ya je kasuwar Dawanau ya ɗauki buhu ya biya farashi ɗaya, ya gama. Mai shagon unguwa ya saro irin buhun nan, ya ɗora kuɗin mota, ya ɗora na ɗan dako, ya ɗora ribarsa, ya sayar kwano-kwano. Matar da ke awo a cikin gida ta sayi kwano biyar a wurinsa ta sayar gwangwani-gwangwani da 'yar ribarta, kuma ban ga laifinta ba, da ita take ciyar da nata 'ya'yan. Daga gwangwani sai ƙulli: man gyaɗa a leda, sukari a leda, gishiri a leda, garin tuwo a leda. Duk lokacin da ma'auni ya ƙanƙance, farashi hawa yake yi. Mai hannu baka hannu ƙwarya shi ne a can ƙarshen layi, shi ke biyan ribar duk wanda ke gabansa. In kuwa ranar bashi ya ci a shago, to ya rasa bakin yin tayi, ya rasa bakin cewa a yi masa gyara, abin da aka rubuta a littafi shi zai biya. A ƙasar nan babu mai sayen abinci da tsada irin talaka. Attajirin da ke cin shinkafa 'yar waje a unguwar masu hali, in aka auna loma da loma, ya fi maƙwabciyata samun rangwame.

Ma'aikacin gwamnati ma da ake ganin yana da abin yi, ina ya tsaya? A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, bayan shekara biyar ana kan 30,000. A ƙarshen 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura wannan albashin gaba ɗayansa. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ta haye naira 1,000 kafin 2024 ta ƙare. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar. Masu gurasa a Kano sun fito titi a watan Fabrairu saboda tsadar fulawa, mata a Minna sun tare hanya. Duk waɗannan mutanen rashin iya cefane ne ya fito da su rana?

Ita kanta garaɓasar manyan kantunan da ake ta zuzutawa, na je na gani da idona. Wata rana na ji ana shelar ragi a wani kantin zamani da ba zan ambaci sunansa ba, na hau adaidaita tun daga unguwarmu na tafi. Abin da aka yi wa ragin shi ne biskit, da lemon kwali, da abincin karin kumallon Turawa, da wani man shafa wa burodi da saura mako biyu wa'adinsa ya ƙare. Gero, dawa, masara, wake, manja, daddawa, kuka, abin da gidana ke ci kenan, kuma ko ɗaya ba ya cikin shelar. Na ɗauki taliya da madarar gari don kada in dawo hannu rabbana. Da na zo wurin biya, kuɗin da na'ura ta nuna na madarar ya ɗara wanda aka liƙa a kanta. Na yi magana, yarinyar da ke wurin ta ce, "Hajiya, sai haƙuri, ba a canja takardar ba ne." Da na haɗa kuɗin zuwa da dawowa, na tarar da a shagon bakin layinmu na saya da na fi samun sauƙi. Kuma ba ni kaɗai aka yi wa haka ba. A watan Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Abuja a kan wannan zargi ɗin dai, farashin kan kanta daban, na wurin biya daban. Ga kuma sabuwar ƙeta da ta zama ruwan dare: ledar madara da ta tumatir da sandar sabulu suna nan da kamanninsu da farashinsu, abin da ke ciki ne ke ta ramewa. An tsotse kayan, an bar maka ledar.

Da gwamnati ta ce ita ma za ta yi tata garaɓasar, me aka gani? A watan Fabrairun 2024 hukumar kwastam ta fara sayar da shinkafar da ta kama, buhu mai kilo 25 a kan naira 10,000, a Yaba da ke Legas. Jama'a suka yi dafifi, aka yi turmutsutsu, mutane suka mutu, aka dakatar da sayarwar. Mutane sun bar gidajensu neman rangwamen shinkafa an dawo da gawarsu. A watan Satumba kuma aka ƙaddamar da shinkafar naira 40,000 a buhu mai kilo 50, sai da lambar katin ɗan ƙasa. Ko da an kawo ta ƙofar gidan maƙwabciyata, ina za ta samo 40,000 a rana ɗaya? Ragin da sai mai dunƙulallen kuɗi zai iya taɓawa, an riga an zaɓi wanda zai ci shi tun kafin a sauke buhunan daga mota.

Mu Hausawa muna da garaɓasarmu tun kafin a gina kanti mai na'urar sanyi, sunanta kaka. Daga Satumba sabon gero ya fara shigowa, masara ta biyo, wake da dawa su zo a bayansu, farashi ya kwanta har wajen Disamba. Kayan miya kuma nasu lokacin rani ne. Daga Janairu zuwa Maris, in tumatirin noman rani na Kadawa da Kura ya nuna, kwanduna sukan yi tsibi a kasuwar Kwanar Gafan har manomi ya rasa mai saye, wani ya zubar da nasa a bakin titi don kuɗin motar kai shi gari ya fi kuɗin kayan. Wata uku bayan nan, da ruwa ya sauka, tumatir huɗu ƙanana su ne kashi, kana taya su mai kaya na kallon wani wuri. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa shiga aji ba, amma kalandar nan a kanta take. Da rani za ka ga rufin ɗakinta ya yi ja da kauɗa, an yanka tumatir an shanya. Kuɓewa a yanka a busar a daka. Barkono da tattasai a shanya a ɗura a buhu. Kuka, kalkashi, zogale, yakuwa, kowanne da tukunyarsa. Hatsi na rumbu, ba a buɗe shi sai damina ta yi nisa. Duk tsadar Yuli da Agusta, tukunyarta ba ta taɓa sanin an shiga wani hali ba. Wannan ilimin namu ne, a gidajenmu aka haife shi, babu wanda zai zo daga Abuja ya koya mana.

To amma wa ke cin arhar kaka a yau? Manomin da ya noma ba ya ci. Tun kafin ya girbe bashin taki na jiransa, ga kuɗin makarantar yara, ga auren da aka ɗaga sai bayan kaka. Dole ya kai kasuwa a lokacin da kowa ke kaiwa, ya sayar a farashin da aka yanka masa. Mai kuɗi ya aiko yaransa kasuwannin ƙauye da tirela, su kwashe, a kulle a sito. Watan Yuni na zuwa, manomin nan ya dawo kasuwa da 'yar jakarsa yana sayen hatsin da ya noma da hannunsa a ninkin abin da ya sayar. Ban ce duk mai sito azzalumi ne ba. In babu mai ajiya, babu hatsin da za a gani a kasuwa da damina. Amma tsakanin mai ajiya don ya sayar a hankali da mai kulle ƙofa yana jiran kukan jama'a ya kai inda yake so, akwai tazara, kuma malamanmu sun san sunan na biyun a shari'a. A watan Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafi da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar suka musanta, aka yi 'yan kwanaki ana magana a rediyo, ƙura ta lafa. Da hatsi ya sauko a 2025, mai saye ya ɗan numfasa, sai kuka ya koma gidan manomi, wanda ya sayi taki da tsada ya sayar da amfani a faɗuwa. Kowane gefe abin ya juya, ƙaramin mutum ne a ƙasa.

Sai maganar kwano, wadda in na tuna ta raina ke ɓaci fiye da komai. Je ki kasuwa ki tsaya ki lura. Akwai mai awon da ke da kwano biyu, babba na saye daga hannun manomi, ƙarami na sayar miki. Akwai wanda ya bubbuge gindin kwanonsa ya turo shi ciki. Akwai wanda ya datse bakinsa. Akwai mai saurin hannu, yana awo yana zame tozon da yatsa, yana yi miki hira don kada ki duba. Na taɓa sayen wake kwano biyar, na zo gida na auna da nawa kwanon, huɗu da rabi na samu. Rabin kwanon wake abincin dare ne a gidan maƙwabciyata. Mutumin da ya yi mini wannan ya rufe rumfarsa ya tafi sallar azahar a gabana. Sura guda aka saukar a Alƙur'ani a kan masu tauye mudu, yaran Islamiyya sun haddace ta, ana karanta ta a masallatan cikin kasuwannin nan. Gwamnatin tarayya na da sashen awo da ma'auni a ma'aikatar kasuwanci, da dokarsa. Kowace kasuwa na da shugabanni, ƙananan hukumomi na da ma'aikatan da ba sa fashin zuwa karɓar kuɗin rumfa. Mai rasit na zuwa kullum. Mai duba kwano fa, yaushe rabon da a gan shi? Da za a tsayar da kwano ɗaya mai hatimi a kowace kasuwa, a ajiye sikeli a bakin ƙofa wanda kowa zai iya ɗora kayansa kyauta, sauƙin da talaka zai samu ya fi na duk wata garaɓasar kanti. Wannan aikin ba ya buƙatar dala, ba ya jiran farashin fetur. Rashin damuwa ne kawai ya hana.

Ba zan tashi ban taɓa mazanmu ba, waɗanda Allah ya hore wa. Ban da mijin maƙwabciyata, shi abin da ya samu shi yake kawowa. Ina magana ne a kan mai albashi ko mai shago da zai iya sayen buhun masara da rabin buhun wake a watan Nuwamba, amma ya ƙi. Ya fi son kullum da safe ya zaro 'yan canji ya ajiye a kan katifa, kuɗin cefanen da bai ƙaru ba tun shekara biyu, don a riƙa roƙonsa. Shi kuwa ya karya a teburin mai shayi da ƙwai da burodi, da rana ya ci a gidan abinci, da dare ya tsaya wurin mai tsire, ya shigo gida yana tambayar me ya sa miya ba nama. Bai san kuɗin kwanon gero ba. In matar ta ce kuɗin ba su isa ba, ya ce ba ta da tattali, ya kawo mata misalin matar wane. Malam, tattalin me za a yi da abin da bai kai ba? In kana son ka ga arha, kai ne mai dunƙulallen kuɗin, kai ne mai babur, Dawanau ba ta ƙaura ba, kasuwar 'Yankaba na nan, ta Singa na nan. Tashi ka je.

Mu dai a layinmu mun gaji da jira. Shekara biyu kenan mu goma muna adashen da ba a kwasa. Kowace mace na zuba abin da ta iya duk mako tun daga watan Yuni, mai ɗari biyar, mai dubu, ana rubutawa a littafi. In kaka ta yi, mu tura mutum biyu da ɗan ɗayanmu su je Dawanau su sayo buhu-buhu, mota ɗaya, ɗan dako ɗaya, a sauke a tsakar gidana a raba da kwano ɗaya a gaban kowa, kowace gwargwadon zubinta. Wake mukan shanya shi ya bushe ƙayau, mu ɗura a jarka mai murfi mu toshe ta yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwaro ya mutu da kansa. Ba ma zuba masa maganin ƙwari irin wanda wasu ke zubawa, wanda saboda shi Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, mu kuma aka bar mu muna ci. Da rani mu haɗa kuɗin kwandon tumatir biyu ko uku, a yanka, a shanya a kan rufi, yara na korar kaji. Yana taimakawa ƙwarai. Amma kada wani mai mulki ya karanta wannan ya ce to ga shi talakawa sun samo mafita. Abin da muke tarawa wata biyar ba ya kai mu ƙarshen bazara, kuma a cikin mu goman, biyu sun fita bara don ko ɗari biyar ɗin ta gagara.

Maƙwabciyata na cikin biyun. Jiya da yamma ta aiko 'yarta da naira ɗari uku a ƙulle a bakin zani, ta ce a tambaye ni ko za a karɓi wannan a mayar da sunanta littafi, in ya so mako mai zuwa ta cika. Na karɓa na rubuta. Ƙanin mijin nata ya koma Abuja tun ranar Lahadi, kuma ko mudun shinkafa bai bari a gidan ba.